Yadda shugaban makaranta zai sa bakinsa a shawara tun kafin sakula ta iso

Duk wanda ya taɓa riƙe makarantar gwamnati ya san wannan yanayin, kana zaune bayan isha'i ka gama cin tuwo kenan sai waya ta yi ƙara, ka duba guruf ɗin shugabannin makarantu na shiyya ka ga an turo hoton sakula, wato takardar umarni daga sama, an ɗauke ta a karkace rabin sa hannun ma bai fito ba, wai daga ranar Litinin za a fara kaza da kaza kuma a aiwatar ba tare da ɓata lokaci ba. Nan take mutane su fara jera "mun gani ranka ya daɗe", "Allah ya taimaka", alhali kowa na kwance a ɗakinsa yana tsaki. Ni ma na yi shekaru ina wannan tsakin. Sai daga baya na gane cewa ranar da sakula ta iso hannunka bakin alƙalami ya riga ya bushe tun watanni, duk surutun da za ka yi a ofishin malamai ihu ne bayan hari. In kana son a ji ta bakinka, to sai tun ana wasa alƙalamin, kuma ba wanda zai aiko maka da katin gayyata, kai za ka nemi hanya.

Da hedimasta nake magana da firinsifal duka, na makarantar gwamnati dai, don makarantun kuɗi lissafinsu daban ne, can mai makaranta shi ke da wuƙa shi ke da nama. Zan riƙa cewa "kai" saboda sauƙin rubutu, Hajiyoyinmu ku yi mini afuwa da ku nake, wasunku ma sun fi mu iya wannan abin nesa ba kusa ba.

Fara sanin ƙofar da za ka ƙwanƙwasa

Da yawanmu muna ƙarar da ƙarfinmu wajen yi wa wanda ba shi da iko faɗa. Jami'in duba makarantu ya zo ka tare shi da ƙorafin manhaja ta yi yawa zango ba ya isa, bawan Allah shi ma ganinta ya yi kamar yadda ka gani. Manhaja NERDC, hukumar bincike da bunƙasa ilimi ta ƙasa, ce ke tsara ta, manyan manufofi kuma Majalisar Ilimi ta Ƙasa ce ke amincewa da su, wato zaman da ministan ilimi ke yi da kwamishinonin jihohi, kuma kafin magana ta kai can sai ta bi ta kwamitin JCCE inda daraktoci da masana ke tace takardun da aka gabatar. WAEC da NECO su ma da nasu tsarin. A wannan matakin muryarka kai kaɗai ba za ta kai ba, kar ma ka yaudari kanka. Ka tuna 2024 da ministan lokacin Tahir Mamman ya ce sai mai shekara 18 zai shiga jami'a, iyaye suka cika mana ofis da takardun haihuwa, kafin shekarar ta fita an canza minista, Tunji Alausa ya zo ya mayar da shi 16. Ni dai a shiyyarmu ban ga wanda aka tambaya ba, da za a sa da kuma da za a cire.

Amma ƙasa da nan akwai fili sosai, kuma a nan ne yawancin abin da ke hana ka barci yake. Wa za a turo maka, wa za a ɗauke maka, aji nawa za a gina, a ina za a kafa santar jarabawa, yara nawa za a zubo maka a aji ɗaya, yaushe za a koma hutu. In firamare kake, hanyarka sakataren ilimi na ƙaramar hukuma ne, ES kenan, daga shi sai SUBEB, hukumar ilimin matakin farko ta jiha. In babbar sakandare ce, ofishin shiyya ne sannan hukumar da ke kula da ku ko ma'aikatar ilimi kai tsaye, a Kano misali manyan sakandare da hukumarsu, makarantun kimiyya da fasaha su ma da tasu. Ƙaramar sakandare kuwa kowace jiha da yadda ta ajiye ta, don haka sabon shugaba ya zauna ya tambayi tsofaffin hannu, ya rubuta a takarda: maganar malamai wane tebur, maganar gini wane tebur, maganar littattafai wane tebur. Ka san sunan ofishin, ka san mai riƙe da shi, ka san kuma wanda yake shirya masa fayil, don sau da yawa wannan na ƙasan shi ne ainihin mai maganar.

Ga misali ɗaya da zai nuna maka amfanin wannan. Dokar UBE ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don ilimin matakin farko, UBEC, hukumar ilimin matakin farko ta tarayya, ke riƙe da kuɗin, jiha ba za ta karɓi na gine-gine ba sai ta ajiye nata kason daidai da wanda za a ba ta, sannan ta kai jadawalin ayyukan da za ta yi. Toh wannan jadawalin sunayen makarantu ne a cikinsa, makaranta kaza aji uku da ofis, makaranta kaza banɗaki da burtsatse. Wani ɗan Adam ne ya zauna ya rubuta sunayen, kuma daga wata takarda ya kwafo su. Tambayar da za ka yi wa kanka ita ce, ranar da ya zauna rubutun, takardarka tana kan teburinsa ko kuwa tana cikin kanka?

Alƙalumanka su ne kujerarka

Ba ka fi darakta muƙami ba, ba ka fi shi kusanci da kwamishina ba, abu ɗaya ka fi shi, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sai dai yoyon nan in ba ka mayar da shi lamba ba, labari ne kawai, kuma kowane firinsifal da ya shigo ofishin yana da irin labarin. "Wallahi yallaɓai muna cikin wani hali" ba ta motsa fayil, ya ji ta sau goma kafin azahar.

Don haka ka riƙe wata 'yar takarda guda wadda kullum tana aljihunka kuma kana sabunta ta duk farkon zango: yawan ɗalibai aji-aji maza da mata, waɗanda ke cikin rajista da kuma waɗanda ke zuwa da gaske (lambobi biyu ne daban, kowa ya sani), malamai da darasin da kowa ya karanta da wanda yake koyarwa yanzu, waɗanda za su yi ritaya cikin shekara biyu masu zuwa, azuzuwan da ake zama a ciki da waɗanda sai awaki, benci nawa, banɗaki nawa ke aiki, sakamakon jarabawar shekara uku. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 zuwa 40, to in ka ce kana da ɗari da wani abu a aji ba tsiwa ka yi ba, ma'aunin gwamnati ka ɗauko ka auna.

Fom ɗin ƙidayar makarantu da ake kawowa duk shekara, don Allah kar ka miƙa wa wani malami ka ce cike mana a kai gobe. Ni abin ya taɓa cina. Shekarar farko da aka ba ni makaranta, fom ɗin ya zo ana tsakiyar jarabawa, na cike shi a tsaye a bakin ofis da biro yana ɗaukewa, wajen yawan azuzuwa na rubuta goma sha biyu don goma sha biyu ne a tsaye, ban kula da layin ƙasa da ke tambayar nawa ne ke buƙatar babban gyara ba. Huɗu daga ciki iska ta yaye kwanonsu tun kafin in zo, rana tana dukan allo. Na yi ta kai kuka shekara biyu, sai wata rana wani matashi a sashen tsare-tsare ya juyo mini da fuskar kwamfuta ya ce "Malam ai ku a nan ba ku da matsala, duba." Na duba, ga sunan makarantarmu, azuzuwa 12, masu buƙatar gyara babu. Da hannuna na rubuta. Kunya ta hana ni cewa komai, na ce na gode na fito.

Akwai kuma ɗaya ɓangaren, masu ƙara lamba. Ana jin za a raba abinci ko littattafai ko wani tallafi sai yara 400 su koma 700. Yau za ka ci riba, amma ranar da aka zo aka ƙirga kawuna shikenan ka zama wanda ba a yarda da lissafinsa, ko gaskiya ka kawo daga baya sai an raba biyu. Wanda aka san lambarsa ba ta ƙarya shi ne ake kira a waya a ce "Malam muna wani aiki ne, ya kake ganin kaza?", kuma wannan kiran wayar shi ne shiga shawarar da muke magana, ba zaman otal ba.

Takarda, da lokacin kai ta

Maganar baki a aikin gwamnati iska ce. Ka gaya wa oga a wajen ɗaurin aure ya ce in sha Allahu za a duba, shi ma da zuciya ɗaya ya faɗa, amma kafin ya kai mota mutum biyar sun tare shi. Rubuta. Shafi ɗaya, magana ɗaya, kar ka haɗa rashin malami da katanga da ƙarin girmanka a takarda guda, don fayil ɗaya za a sa ta kuma wanda ba shi da ruwa da sauran zai ajiye ta gefe.

Da Turanci ake rubutawa amma ga yadda cikinta ya kamata ya tafi, lambobin misali ne kawai. Muna da ɗaliban aji ɗaya na babbar sakandare 214 a azuzuwa biyu. Malamin lissafi ɗaya ne a duk makarantar kuma zai yi ritaya a watan Maris. Mun riga mun sa malamin fizis yana riƙe aji biyu, kwamitin makaranta kuma ya samo ɗan sa-kai mai NCE yana ba shi na sabulu. Muna roƙon a turo malaman lissafi biyu kafin sabon zango. In hakan ba zai samu ba, muna ba da shawarar a ba mu aron ɗaya daga makarantar da ke kusa kwana biyu a mako, ko a turo mana ɗan bautar ƙasa mai lissafi, masauki muna da shi. Ka ga a nan ka nuna ciwon, ka nuna ba hannu ka naɗe ba, ka faɗi abin da kake so, sannan ka ba shi ƙaramar ƙofar da zai iya cewa eh ba tare da ya jira sa hannun gwamna ba. Wannan ta ƙarshen ita ce mutane ke mantawa. Mai kawo matsala zalla damuwa ne, mai kawo matsala da mafita biyu ya riga ya yi wa darakta rabin aikinsa, kuma in aka ɗauki ɗaya to shawararka ce aka aiwatar ko da ba a ambaci sunanka ba. Kar rashin ambaton ya dame ka.

Takardar ta bi ta hannun wanda ya kamata, ES ko daraktan shiyya. Na san akwai masu jin suna da hanya su tsallake su kai kai tsaye hedikwata, to za a dawo da ita ne a ce ina ra'ayin shiyya, ka kuma sayi gaba da wanda zai rubuta ra'ayin. Ka yi kwafi biyu, a buga maka hatimin an karɓa da kwanan wata a ɗaya ka dawo da shi. Bayan sati biyu ka leƙa. Ka gaisa da mutanen rajista da masinja gaisuwa ta mutunci, ka san sunansu, ka tambayi iyali, ba cin hanci nake nufi ba wallahi, mutunci kawai, su ne suka san fayil yana teburin wa kuma ƙarƙashin fayil nawa.

Sai lokaci, da zafi-zafi ake dukan ƙarfe. Shekarar kuɗi ta gwamnati daga Janairu take zuwa Disamba, gwamna yakan kai kasafi majalisa wajen ƙarshen shekara, ma'aikatu kuma tun watanni kafin nan suke haɗa nasu. Kenan wanda ya kai buƙatar gini a Janairu ya makara da shekara guda cur. Ka kai taka tun wajen Mayu zuwa Yuli, wanda dama lokacin ne iskar farkon damina ke yaye rufi, ga hotuna sabbi a wayarka. Maganar malamai kuma kafin dogon hutu, don a cikin hutun ake yawan zama a yi rabon taransifa, in ka jira Satumba sai dai ka ga sunaye a allo.

Bakin da ba naka ba

Kai ma'aikacin gwamnati ne, akwai abin da ba za ka iya ba. Ba za ka je gidan rediyo ka ce makarantata ta lalace ba, ba za ka ɗauki hoton yara a ƙasa ka sa a Facebook ba, in ka yi takardar tuhuma ce za ta biyo baya kuma da gaskiyarsu bisa ƙa'idar aiki. Amma mai unguwa zai iya zuwa wajen ciyaman. Shugaban tsofaffin ɗalibai zai iya kiran ɗan majalisa. Uwa mai 'ya'ya uku a makarantar za ta iya miƙewa a gaban kowa ta faɗi abin da ke ranta ba wanda zai yi mata taransifa.

Amfanin SBMC kenan, wato kwamitin kula da makaranta da ya haɗa wakilin masarauta, malaman addini, mata, matasa, masu sana'a, tsofaffin ɗalibai, PTA, malamai har da wakilan yaran kansu. Waɗanda suka yi aiki a Kano, Kaduna da Jigawa zamanin shirin tallafa wa ilimi na ESSPIN, tsakanin 2008 da 2017, sun ga horon da aka yi ta ba waɗannan kwamitoci, yanzu kuma shirin AGILE na ilimin 'yan mata na Bankin Duniya da ya fara da jihohi bakwai, ciki har da Kano, Katsina, Kaduna, Kebbi da Borno, ta hannun kwamitin yake sakin tallafin gyaran makaranta. Wato a takarda ma an yarda kwamitin yana da ta cewa. Matsalar ita ce wasunmu mun mayar da shi 'yan amshin shata, ka zaɓo abokinka da surukinka da wani dattijo da ba ya ji sosai, a kira su ranar da ake buƙatar sa hannu. Irin wannan kwamitin ranar da kake buƙatar a tsaya maka ba zai iya ba, don ba wanda ke jin nauyinsa a gari.

Ka bari a zaɓo masu baki, har wanda zai tambaye ka ina risit. Ku zauna ku rubuta tsarin ci gaban makaranta tare, ku jera buƙatu ku yi gardama a kan wacce ce farko. Za ka sha mamaki, kai kana ganin ɗakin gwaje-gwaje, iyaye mata su ce banɗakin 'yan mata ne, don shi ya sa manyan ke daina zuwa. In an gama kowa ya sa hannu, kwafi ya tafi ofishin ES ko shiyya. In tawaga za ta je wajen ciyaman ko ɗan majalisa, ka ba su wannan 'yar takardar lambobin, ka sanar da oganka tukuna cewa jama'ar gari za su je kan batun kaza, kai kuma ka zauna a makarantarka. Abu ɗaya, lokacin zaɓe ka yi kaffa-kaffa, kar kwamitin ya zama na jam'iyya ɗaya, gwamnati tana canzawa makaranta tana nan.

Ƙungiyoyinmu kuma, ANCOPSS ga shugabannin sakandare, AOPSHON ga na firamare, ga NUT uwar ƙungiyar malamai, gaskiya mun fi amfani da su wajen karo-karo da walimar masu ritaya. Ba laifi ba ne, amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ɗauki batun da gwamnatin tarayya ta taso da shi a 2025 na WAEC da NECO su koma jarabawa da kwamfuta. Kai kaɗai ka ce ba mu da wuta, a ce kai ne ba ka son ci gaba. Amma reshen shiyya ya zauna, kowa ya kawo kwamfuta nawa ke gare shi masu tashi, akwai sola ko babu, kilomita nawa zuwa santa mafi kusa, yara nawa suka taɓa riƙe linzamin kwamfuta, a haɗa a shafi biyu a kai wa kwamishina da sunan ƙungiya, to wannan takarda ce da zai iya ɗauka ya tafi da ita taron ƙasa. Ta nan ne kaɗai muryarka ke isa wancan matakin na sama da na ce ba ka isa kai kaɗai. In ba wanda ya kawo shawarar a mitin ɗinku, kai ka kawo, ka kuma ce kai za ka tattara, don aikin da aka bar wa "kwamiti" ka san ƙarshensa.

In an kira ka taro

Wani lokacin ana kira, taron masu ruwa da tsaki a babban ɗaki, ga ruwan roba ga takardar sa hannu ta alawus. Mafi yawa an gama rubuta abin, ana so ne a ce an tuntuɓa. Duk da haka kar ka raina. Ka nemi daftarin tun kafin ranar, ka karanta da biro, ka zaɓi abu ɗaya ko biyu da ka san ba za su yi aiki a makaranta irin taka ba. In da hali ka ga daraktan a ofishinsa kafin taron, "ranka ya daɗe na ga sashe na kaza, ina tsoron a ƙauye zai ba mu wahala saboda kaza, ko za a duba?" A ofis zai iya cewa ka yi gaskiya. A gaban kwamishina da 'yan jarida ba zai iya ba, ko ya san ka fi shi gaskiya sai ya kare takardarsa, kai kuma ka zama mai neman suna.

A cikin taron ka ɗaga hannu da wuri kafin a gaji a fara duba agogon sallah. Minti biyu ya isa, ka faɗi sunan makaranta, lamba ɗaya, gyara ɗaya. Kar ka fara da tarihin lalacewar ilimi tun daga shirin firamare kyauta na UPE na 1976, kowa a ɗakin ya sani. Sannan ka miƙa wa mai rubuta bayanin taro maganarka a rubuce, don abin da ya shiga takardarsa shi ne aka faɗa, sauran hira ce.

Naka gidan fa?

Nan ne wajen da ba ma son a taɓa. Muna kukan ba a shawartar mu, mu kuma mu shiga mitin ɗin malamai mu karanto umarni mu ce akwai mai tambaya, kafin a buɗe baki mu ce to a yi addu'a. Taimtebul, rabon darussa, horo, yadda za a kashe ɗan abin da ya shigo, duk waɗannan a hannunka suke ba sai an tambayi kowa a hedikwata ba, kuma a nan malamanka ke kallon ka kamar yadda kake kallon ma'aikata.

Na taɓa yanke hukuncin a rufe get ƙarfe takwas saura kwata, duk wanda ya makara ya koma gida, ni kaɗai na yanke a ofis don makara ta ishe ni. Kwana uku ana yi, a na huɗu Baba maigadi ya biyo ni har bakin mota ya cire hula yana sosa kai ya ce "Yallaɓai, a yi haƙuri zan yi magana. Yaran nan da ake korowa yawanci 'yan tsallaken rafi ne, da damina sai ruwa ya ja suke iya haurowa, kuma in an kore su ba gida suke komawa ba, tasha suke tafiya." Shekararsa kusan ashirin a bakin get ɗin nan, ya san kowane yaro da gidansu, ni kuma ko sau ɗaya ban tambaye shi ba. Washegari na kira mataimakana da shugabannin ɗalibai da shi Baban, muka tsayar da cewa mai makara a rubuta sunansa ya shiga aji ya yi shara bayan tashi, 'yan tsallake kuma a yi musu rajistarsu daban har damina ta wuce. Tun daga nan kafin in kai kowace takarda sama sai na karanta wa malamai a mitin, suna gyara mini lambobi, wani lokacin ma su ce ba wannan ce matsalar ba. Kuma in jami'i ya zo bincike ya ja wani malami gefe, abin da na rubuta shi zai ji.

To in duk ka yi wannan aka yanke akasin ra'ayinka fa, wanda zai faru sau da yawa? Ka aiwatar. Kar ka yi irin ta wasu, a ce to a gaban oga a dawo a yi kunnen uwar shegu, don ranar da abin ya lalace kai za a kama kuma ba ka da hujja. Ka aiwatar da gaske kana rubuta abin da ya biyo baya, yara nawa suka ragu, darasi nawa aka rasa, ƙarshen zango ka sa a rahotonka ba zagi ba habaici, ka maƙala kwafin takardarka ta farko a baya. Wani lokacin a zagaye na biyu ake ji. Banda maganar tsaro, wannan ba a jiran ƙarshen zango, bayan sace ɗaliban da aka yi a Ƙanƙara a Disambar 2020 da Jangebe a Fabrairun 2021 duk shugaban da ya ji ƙishin-ƙishin ya kira oganshi da DPO da mai gari a daren, takarda ta biyo baya da safe.

Taransifa kuma tana iya zuwa ko ka yi magana ko ba ka yi ba, don haka ka tanadi fayil ɗaya da duk kwafin takardun da aka buga wa hatimi, da bayanan zaman kwamiti, da 'yar takardar lambobin kowane zango, ka sa shi cikin abin da za ka miƙa wa wanda zai gaje ka ya ɗora daga inda ka tsaya maimakon ya faro daga "muna cikin wani hali". Kuma kowace takarda ka ɗauki hotonta ka tura wa kanka ta imel ko WhatsApp, ni gara ta taɓa cinye mini fayil ɗin shekara uku a cikin kabad lokacin dogon hutu, da na buɗe sai ƙarfen maƙala takardun kawai na tarar da ƙasa.